Layuka a hoton majigi: a gwada kafin a ƙirga kuɗi

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi, Damagaram ko Tawa a daren da ake babban wasan ƙwallo ya san rumfunan kallo, inda ake haska wasa a jikin bango ko farin ƙyalle. Majigi, wanda samari ke kira furojekta, ya zama jari. Akwai matan da suka kwashi adashi suka saya wa ɗa ko ƙane, ana kallo da shi, ana kuma ba da haya wurin biki da taro. Sai dai da yawa cikin waɗanda ke kasuwa na hannu ne, sun ci aiki a wata ƙasa kafin su iso nan. Ranar da layuka suka tsaya cikin hoto daga sama har ƙasa, ƴan kallo sai su koma rumfar maƙwabci, jari ya kwanta.

To, kafin a ruga wurin mai gyara, akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A zare wayar da ta haɗa majigin da dekoda ko kwamfuta, a danna maɓallin da aka rubuta wa "menu". In rubutun ya fito tas, ba layi, to majigi lafiyarsa lau, laifin na waya ne ko na dekoda. A duba bakin wayar ko wani tsinke ya lanƙwashe, a aro wata a gwada. In kuwa layukan sun ratsa rubutun, ciwon a ciki yake.

Majigin da aka fi samu iri biyu ne. Akwai LCD, mai ƙananan gilasai uku: na ja, na kore da na shuɗi. A cikinsa layi yakan fito in siririyar wayar da ta shiga ɗaya daga gilasan ta saki, ko gilashin kansa ya lalace. In hoto ya koma rawaya ko ya yi tabo mai launi, galibi zafi ne ya ƙona ɓangaren shuɗi. Na biyu shi ne DLP, wanda kamfanin Texas Instruments na Amurka ya ƙirƙiro fasaharsa a 1987. Zuciyarsa wani ɗan faifai ne da bai wuce faɗin farce ba sosai, ɗauke da ƙananan madubai. Mai hoton 1024 sau 768 yana da madubi 786.432. In faifan bai zauna daram a mazauninsa ba, sai layuka su fito, kuma mai gyara da ya san aikinsa yakan cire, ya goge, ya mayar. Amma in fararen ɗigo ne kamar taurari suke ƙaruwa kullum, madubai ne suka maƙale, sai an sauya faifan. A nan sai a yi lissafi, don wani lokaci kuɗin gyara sun kusa kuɗin wani majigin.

Tushen yawancin wannan ciwo zafi ne da ƙura. Yawancin majigi an ƙera su ne don zafin da bai wuce awo 35 zuwa 40 ba, alhali a Afrilu da Mayu rumfar kwano takan zarce haka. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matacin iska. A riƙa kakkaɓe matacin, kada a jingina majigi da bango, kada a yafa masa zane yana aiki. In an kashe, a bari fankarsa ta tsaya da kanta kafin a zare wuta. Wanda ke da hali ya sa regilater saboda hawa da saukar lantarki.

Mai saye kuma kada ya yarda da gwajin minti biyu. A bar shi a kunne rabin awa, don wani layin sai ƙarfe ya yi zafi yake bayyana. A haska farin hoto, sannan baƙi, a duba ɗigo da tabo. A nemi ganin awoyin da ƙwan fitila ya ci. Na tsofaffin majigi yakan kai awa 2000 zuwa 4000, amma a sani ana iya mayar da lissafin sifili, saboda haka a duba ƙarfin hasken da ido. Ƙwan nan akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe a fitar da yara, a buɗe ƙofofi.

Daga ƙarshe, a yi sharaɗin mayarwa gaban shaida, a rubuta a takarda. Ɗan kasuwar da ya amince da kayansa ba ya tsoron a kunna. Wanda ya ce ba wuta a shago, a ce masa a tafi inda akwai.