Akushi da Injin Juya Itace: Aikin Hannu don Lokacin Hutu

A Ingila da Amurka akwai mutane da yawa, malaman makaranta da likitoci da tsofaffin ma'aikata, waɗanda in sun tashi daga aiki sukan shiga wani ɗan ɗaki a bayan gida su yi ta sassaƙa kwanoni da tuluna na itace domin ado. Sha'awa ce kawai take sa su. Suna amfani da wani inji wanda yake juya guntun itace, shi kuwa mai aikin ya kafa masa ƙarfe mai kaifi har ya zama kwano. A Amurka har ƙungiya suka kafa a shekarar 1986. Wanda ya ji wannan labari zai ce abin na Turawa ne. Amma mu da muka san ƙasar Gobir mun san kwanon itace ba baƙo ba ne a gare mu, gama da akushi kakanninmu suka ci tuwo. Nufinmu a nan shi ne mu bayyana wa ɗalibanmu yadda injin yake aiki, da abin da za mu koya a wurin masassaƙan gida kafin mu taɓa shi.

Masassaƙan Ƙasar Gobir

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun watsu, waɗansu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma aka kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima. Duk inda suka zauna, daga Isa har tsallaken iyaka, ba a rasa masassaƙi, domin babu gidan da zai rayu ba turmi da taɓarya, da muciya, da ƙotar fartanya, da kujerar mata. Kayan aikinsa gatari ne da gizago da wuƙa. Da gatari yake fitar da siffa, da gizago yake rarake ciki, sa'an nan ya kankare da wuƙa. In akushi ne, sai a babbake shi ya yi baƙi, a shafe shi da mai. Buzaye maƙwabtanmu kuma sun gwanance wajen zana ado a jikin kwano da ƙarfe mai zafi.

Babban ilimin masassaƙi shi ne sanin itace, ko icce, yadda Gobirawa ke faɗi. Ya san ƙirya tana da tauri da nauyi, ta dace da turmi da taɓarya. Ya san danya tana da sauƙin sara, ta dace da akushi. Aduwa ta yi kyau da allo, marke kuma da ƙota. Akushi yana riƙe ɗumin tuwo ne domin zafi ba ya ratsa itace da sauri kamar yadda yake ratsa ƙarfe. Duk da haka kwanon sha da tasa da roba sun kusa korarsa daga gidajenmu.

Yadda Injin Yake Aiki

Masassaƙi yana kewaya itace da gizagonsa. A wurin inji kuwa itacen ne yake juyawa, ƙarfen yana tsaye a bisa wani matokari. Tun da kowane gefe yana wucewa ta bakin ƙarfen, abin da ya fito dole ya zama kewayayye sumul. Haka kafintoci suke yin ƙafafun gado da na tebur masu wuya da ciki. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. A kabarin wani firist mai suna Petosiris a Masar, wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, akwai hoton mutum biyu, ɗaya yana juya itace da igiya, ɗaya yana riƙe da ƙarfe. A kasuwar Marrakesh ta Maroko kuma an san masu juya itace da ɗan baka a hannu ɗaya, suna tallafe ƙarfen da yatsun ƙafa.

Wannan ya nuna mana ba lalle sai da lantarki ba. Lokacin da aka soma tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an sayo wa makarantu injuna daga ƙasashen waje domin koyar da fasaha, amma da yawa sun lalace cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin masu koyarwa. Alhali a ƙauyen Bucklebury na Ingila wani mutum, George Lailey, ya yi ta juya kwanoni da injin ƙafa har rasuwarsa a 1958.

Ga yadda ake haɗa irin nasa. A kafa katako biyu masu ƙarfi, kowanne da tsinin ƙarfe, suna duban juna. A buga gajeren sanda mai haƙoran ƙusa a tsakiyar guntun itacen, a maƙale su tare tsakanin tsinayen nan biyu. A naɗa igiya a jikin sandan, a ɗaura bakinta na ƙasa a matakin ƙafa, na sama kuwa a doguwar sanda mai lanƙwasa ko robar tayar keke. In ka taka, itacen ya juyo wajenka ka yanka. In ka ɗaga ƙafa, ya koma baya ka ɗan janye ƙarfen. A fara da bayan kwanon, kana a juya shi a rarake cikin, a ƙarshe a karye ɗan turken da ya rage a tsakiya a kankare wurin. Ƙarafan yanka, wato mai baki kamar indararo da mai lanƙwasa kamar ƙugiya, maƙerin gari zai iya ƙera su da tsohon sifirin na mota.

Abin da Yake Fasa Kwano

Yawancin masu koyo ba a wurin yanka suke kasawa ba, a wurin bushewa ne. Ɗanyen itace ya fi daɗin yanka, amma yayin da ruwansa yake fita yakan tsuke a fāɗi, tsawonsa kuwa kusan bai canja ba. Saboda haka kwanon da aka gama yau kewayayye, bayan wata ɗaya sai a tarar ya zama kamar ƙwai, ko ya tsage. Maganin abin uku ne. Na fari, a raba gungumen biyu a tsaye, a fitar da zuciyarsa, gama daga nan tsaga take farawa. Na biyu, a bar wa kwanon kauri wajen kashi ɗaya cikin goma na fāɗinsa, watau kwano mai fāɗin inci 10 a bar masa inci 1. Na uku, a binne shi cikin ɓawon da aka sassaƙe, a ajiye a inuwa watanni, nesa da iskar hunturu, sa'an nan a mayar da shi bisa inji a daidaita. Sannu ba ta hana zuwa. Bayan an goge da samfefa, a shafa man kaɗe ko kakin zuma. Kwanon da za a ci abinci a ciki kada a shafa masa fenti.

Wanda ya sami injin lantarki sai ya yi hankali. Babban kwano a hankali ake juya shi. Mai fāɗin inci 10 kada ya wuce juyi 600 zuwa 900 a minti ɗaya. A duba itacen ko yana da tsaga kafin a ɗora shi. A sa kariyar fuska, a rufe hanci saboda ƙura, a tuɓe babbar riga ko gyale, domin inji ba ya tambaya kafin ya fizga. Kada ɗalibi ya kunna shi ba malami a wurin.

Ina Za Mu Sami Itacen?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi. Farin shekarun 1973 da 1984, da yawan saran itacen wuta da gawayi, sun rage manyan itatuwa ƙwarai a wannan yanki. Tun wajen 2019 kuma ta'asar 'yan bindiga ta kori dubban mutanen Isa da Sabon Birni zuwa jihar Maraɗi, shiga daji irin na Gundumi ya zama sayar da rai. Masassaƙin da ba shi da itace ba shi da abin da zai koya wa ɗansa.

Amma akwai abin ƙarfafa zuciya kusa da mu. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, ya lura cewa ƙananan tsire-tsiren da manoma suke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira dabarar sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka maido da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai fāɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Mai juya kwano don sha'awa kuwa ba ya bukatar kayar da itace. Reshen dogon yaro ko na mangwaro da aka datse ya ishe shi yin ƙaramin tulu ko mazubin alƙalami.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawara uku. Ku nemi tsohon masassaƙi a unguwarku, ku gaishe shi da ladabi, ku rubuta sunayen itatuwa da amfanin kowanne yadda ya faɗa muku. Ku haɗu ku biyar ko shida ku haɗa injin ƙafa tare da malamin fasaha. Kowane kwano kuma da kuka gama, ku raini toho ɗaya a gonar gidanku a madadinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, hannu ma tun yana ƙuruciya yake koyon aiki.