Shirya Takardar Gwajin Lafiya a Kwamfuta

Idan zafi ya tsananta a ƙasar Isa da Sabon Birni, sanƙarau da ƙyanda sukan tara jama'a a asibiti, har likita ya rasa sukunin rubuta kome da hannu. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda ake shirya takardar gwaji a cikin Microsoft Word, wadda ake cikawa da linzami, watau 'yar na'urar nan da ake ja a kan tebur ana dannawa.

Malamin da ya shirya takardar shi ke ƙayyade abin da kowace dannawa za ta yi. Akwai ɗan akwati, wanda ya shigo a Word na 2010: a danna sau ɗaya alama ta fito, a sake dannawa ta ɓace. Akwai jeri, wanda in an danna shi sunayen cututtuka su sauko, a zaɓi guda. Akwai kuma kalanda ta ranar gwaji. In ya gama, sai ya kulle takardar, don kada a taɓa kome sai guraben cikawa.

Amma fa akwai abin lura. Akwati bai san halin ɗan'uwansa ba, ana iya sa alama a "akwai" da "babu" gaba ɗaya. Don haka tambayar da amsarta ɗaya ce, jeri za a sa mata. Lalle ne kuma likita ya karanta kafin ya sa hannu, gama kuskuren yatsa ɗaya ya isa a ba majiyyaci maganin cutar da ba tasa ba.