Mutanen Tsibiran Tafkin Chadi da Baƙin Sojoji

Tafkin Chadi yana arewa maso yammacin birnin Njamena, inda ƙasashe huɗu suka haɗu: Chadi, Nijar, Nijeriya da Kamaru. A cikinsa akwai tsibirai masu yawa, kuma tun shekaru aru-aru akwai mutanen da suke zaune a kansu. Maƙwabtansu suna kiran su Buduma, wato mutanen cikin ciyawa, amma su da kansu Yedina suke ce wa kansu. Harshensu yana cikin dangin harsunan Chadi, saboda haka ɗan'uwan Hausa ne, ko da yake Bahaushe ba ya jin sa sai da tafinta.

Sana'arsu su da kiwo. Suna da shanun Kuri masu manyan ƙahoni, waɗanda sukan yi iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan don neman ciyawa. A da, da ciyawar tafkin suke ɗaura jiragensu. Ruwan nan shi ne garkuwarsu, domin doki ba ya shiga inda jirgi yake shiga. Shi ya sa mayaƙan sarakunan tudu ba su cika samun galaba a kansu ba.

Abubuwa sun fara sauyawa a 1900. Ranar 22 ga Afrilu sojojin Faransa suka ci Rabe da yaƙi a Kuseri, inda shi da kwamandansu Lamy duk suka mutu. A tsallaken kogin Shari Faransawa suka kafa sansanin Fort-Lamy, wanda aka mayar da sunansa Njamena a 1973. Daga 1906 zuwa 1909 tawagar Tilho ta auna tafkin don shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila. Ta haka ruwan da Buduma suka sani a matsayin gida guda ya zama rababbe. A 1983 ma sojojin Chadi da na Nijeriya sun gwabza a kan waɗansu tsibirai, lokacin da Janar Muhammadu Buhari yake jagorantar rundunar Nijeriya ta wannan shiyya.

Amma babbar wahala ta zo ne da rikicin Boko Haram. Bayan da mayaƙan ƙungiyar suka kama Baga a watan Janairu na 2015, sai aka mayar da hedkwatar rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin zuwa Njamena. Mayaƙan kuwa suka riƙa fakewa a tsibirai. Ranar 25 ga Afrilu 2015 suka kai hari tsibirin Karamga, suka kashe sojojin Nijar 46 da fararen hula 28. Nan da nan hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibiran ɓangaren Nijar. Kimanin mutum 25,000 suka bar gidajensu, da yawansu a ƙafa, suka bar shanu da komai a baya. Haka kuma a watan Maris na 2020, bayan da aka kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma, an sake umartar mutane su tashi daga waɗansu yankunan tafkin.

Me ya sa zaman soja da ɗan tsibiri yake da wuya? Na farko, harshe. Yawancin sojojin daga nesa suke, ba sa jin Yedina, sai a haɗu a Larabcin Chadi, ko Barbarci, ko Hausa. Na biyu, hanya. Soja bai san mashigar ruwa ba, dole ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, wanda ya yi jagora kuwa ransa yana cikin haɗari. Na uku, zargi. Da yake waɗansu samarin Buduma sun shiga ƙungiyar, sai aka riƙa yi wa ƙabilar kuɗin goro. Masunci ya zama kamar tsaka mai wuya: in ya biya mayaƙa haraji don ya kama kifi, soja ya ce ɗan leƙen asiri ne, in ya ƙi, mayaƙa su ce ɗan gwamnati ne.

Wannan ya nuna mana cewa bindiga kaɗai ba ta isa ta kawo zaman lafiya a tafkin ba. Sai soja ya sami wanda zai fahimtar da shi maganar mai gida, shi kuma mai gida ya tabbata cewa in ya faɗi gaskiya ba za ta zame masa laifi ba.