Magidanta na tsaye, yaro aka tura bayar da jini

Kwanakin baya a wani asibiti da ke yankinmu na Bakura, an kawo wata mai haihuwa jini ya ɓalle mata, aka ce a nemo leda biyu. Mijinta na tsaye, wansa na tsaye, kawunta ma ya zo. Kowannensu ƙato ne da zai wuni yana aiki a gonar shinkafar Bakolori bai ce wash ba. Amma wa suka tura? Ƙanin mijin, yaron da ko gashin baki bai fara ba. A kunnena suka kitsa masa cewa in an tambaye shi ya ce shekararsa 20.

Mai ɗiban jinin ya ɗora shi a kan sikeli, bai kai kilo 50 ba, ya ce ba zai ɗiba ba. Sai kawun ya hau faɗa: "Haba Malam, jini ai jini ne!" Da aka ce to shi ya miƙo hannu, sai ya ce yana da iyali, kada ƙarfinsa ya ragu. Abin kunya! Matar na kwance tana galabaita, su suna ciniki a kan wanda za a soka wa allura.

Ƙa'idar a Najeriya ita ce mai bayarwa ya kasance tsakanin shekara 18 zuwa 65, nauyinsa kilo 50 ko fiye. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, alhali babban mutum na ɗauke da kusan lita 5. Magidanci lafiyayye zai mayar da shi cikin 'yan makonni, har ya sake bayarwa bayan wata 3, mace kuma bayan wata 4. Yaro kuwa jikinsa na kan girma, jininsa bai kai yawan na babba ba, ga zazzaɓin cizon sauro da ke cinye jinin yaranmu na bakin ruwa. A ɗebi leda guda a jikinsa, yana iya yanke jiki ya faɗi, majinyata su zama biyu.

Mai ciki, mai jego da wanda zazzaɓi bai sake shi ba su ma ba sa bayarwa. Kowane jini kuma sai an gwada shi saboda ƙanjamau, ciwon hanta da tunjere.

Kai da matarka ke da ciki, tun tana zuwa awo ka san rukunin jininta da naka, ka yi magana da manyan danginku biyu ko uku waɗanda suka yarda. Ranar da aka kira su, su ci abinci, su sha ruwa sosai, su bar yara a gida.