Gardamar Waƙar Indiya A Madadi

Ran nan wata hidima ta kai mu ƙasar Gwarzo. Muka tashi daga Kano da hantsi, muka bi ta Rimin Gado da ƙasar Kabo, tafiyar kamar mil 45, muka gama abin da ya kai mu, sa'an nan dare ya riske mu a Madadi. To, baƙon da ya san teburin mai shayi ba ya rasa abokin hira. Bayan sallar lisha muka nufi can, muka tarar ana ta gardama, har mai shayi ya manta da ruwan da ya ɗora a wuta. Mun zaci maganar tsadar taki ce, ko ta siyasa. Ashe a kan waƙar Indiya a ke ta da jijiyar wuya.

Mafarin abin shi ne, wani saurayi mai sana'ar cajin waya da tura wa mutane fina-finai ya kunna wata waƙa ta cikin fim ɗin da a ke kira Mersal, wanda ya fito a 2017, na jarumin nan Vijay da samarin yanzu su ke ji da shi. Sai wani dattijo tela, wanda ya yi zaman birni a ƙuruciyarsa, ya ce a kashe masa wannan hayaniya. A ganinsa waƙar Indiya ta fara mutuwa tun ran da Muhammadu Rafi ya rasu a 1980, ɗan abin da ya rage kuwa Lata Mangeshkar ta tafi da shi a 2022. Ya ce a zamaninsu murya ce ke gaba, sarewa da goge suna biye da ita sannu a hankali, mutum ko bai ji kalma ɗaya ba ya san kuka a ke yi ko murna. Yanzu kuwa ba ka jin kome sai ganguna, kamar an fito farauta. Samari suka yi masa caa, suka ce waƙoƙin da ya ke yabo na sa barci ne, nasu kuwa kiɗan har cikin ƙirji ya ke shiga.

Kada masu karatu su yi mamakin samun irin wannan gardama a karkarar Kano. Abin ya daɗe. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, aka buɗe Palace a cikin birni a 1952, ko da shi ke shekara guda kafin nan gobarar silimar El Duniya ta ci mutum fiye da 300, har jama'a da yawa suka ɗauka ishara ce. Wannan bai hana kallo ba. A cikin shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara kawo fim ɗin Indiya, suka ga ya fi na Amurka da na Ingila karɓuwa nesa ba kusa ba. Mutanen ƙauye su ba su da silima, sai majigin da a kan zaga da shi gunduma gunduma, a kafa a ƙofar hakimi, a nuna tsabta da noman gyaɗa. Waƙar Indiya ta iso musu ne a bakin 'yan cin rani, da faifan garmaho, da akwatin rediyo, daga baya kuma kaset ya zo ya gama aikin. Fim ɗin Mother India na 1957 shi ne ya fi kowane shiga zuciya, kuma ba abin mamaki ba ne, gama labarin wata manomiya ce da mai ba da bashi da ruwa ya cinye mata gona da shanun huɗa. Wane manomi ne a ƙasar Gwarzo zai ce sai an yi masa tafinta kafin ya gane wannan? Da sabo ya yi sabo har laƙabi aka raɗa wa 'yan wasan, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Amma fa akwai abin da tela da samari duka ba su lura da shi ba, shi ne ba waƙar al'umma ɗaya su ke yi wa gardama ba. Mu nan duk abin da ya fito daga can Indiyanci mu ke ce masa, alhali kuwa Indiya ƙasa ce mai harsuna barkatai. Fina-finan da tela ya sani a birnin Bombay aka yi su, wanda yanzu a ke kira Mumbai, da harshen Hindi. Mersal kuwa na Tamilawa ne, mutanen can ƙuryar kudu, waɗanda babban birninsu shi ne Madras, da aka sake wa suna Chennai a 1996. Tsakanin biranen nan biyu ya fi nisan Kano da Ikko. Harsunan ma ba dangi ba ne, yadda Bahaushe ba ya jin Yarabanci haka mai Hindi ba ya jin Tamil sai ya koya. Ƙidayar 2011 ta nuna jihar Tamil Nadu tana da mutum miliyan 72, kuma mutane ne masu kishin harshensu ƙwarai, har a 1965 suka yi tarzoma aka rasa rayuka domin an so a mai da Hindi shi kaɗai harshen gwamnati. Fim mai magana ma ba su bari an tsere musu ba, a 1931 aka yi na farko da Hindi, a cikin shekarar kuma suka yi nasu. In Batamile ya ji an kira waƙarsa ta Bombay, ransa zai ɓaci kamar yadda na Basakkwace zai ɓaci in an ce masa Narambaɗa mutumin Borno ne.

Yadda fina-finan kudu suka mamaye wayoyin samarinmu kuwa, aikin masu fassara ne. Tun wajen shekara goma da 'yan kai da suka wuce waɗansu kamfanoni a Kano, irin su Algaita, suka shiga ɗora maganar Hausa a kan fim ɗin Indiya, kuma mafi yawan waɗanda su ke zaɓa na kudu ne, na Tamil da na maƙwabtansu Telugu, saboda yawan faɗa da barkwanci. Magana a ke fassarawa. Waƙa kuwa a kan bar ta da harshenta, ko a datse ta. Saboda haka yaro ya kan san duk abin da jarumi ya ce wa abokin gaba, amma da an fara waƙa sai ya koma daidai da kakansa a silimar Palace, kunne kaɗai ke yi masa alƙalanci.

Muka tambayi mutanen teburin, shin me waƙar nan ta ke cewa? Tela ya ce ai ba ta wuce soyayya, kamar sauran. Samari suka ce waƙar cin nasara ce a kan maƙiya. Samari sun fi kusa, amma duka ba su faɗa daidai ba. Waƙar kirari ce ga Tamilawa da harshensu, taron mutanen karkara ne su ke yi wa kansu take. Wanda ya tsara kiɗan shi ne A. R. Rahman, haifaffen Madras a 1967, wanda ya musulunta tare da mutanen gidansu yana saurayi, ya fara suna da fim ɗin Roja a 1992, ya kuma karɓi lambar Oscar biyu a Amurka a 2009. Da tela ya ji Musulmi ne kamar Rafi sai ya ɗan sassauta, ko da ya ke mu ba mu ga abin da wannan ya ƙara wa kiɗan ko ya rage masa ba.

Ana cikin haka wani tsoho manomi da ke gefe, wanda tun da muka zauna bai ce uffan ba, ya ce a sake kunna masa. Ya karkata kunne har ta ƙare. Sa'an nan ya ce shi dai abin da ya ji a ciki algaita ce da ganga, irin na ƙofar hakimi ran hawan salla, in an cire muryar ma sai ya rantse a ƙasar nan aka yi kiɗan. Samari suka yi dariya. Mu kuwa ba mu yi ba, domin duk daren nan ba wanda ya yi magana mai nauyin tasa. Tamilawa suna da wata doguwar abin busa da su ke kira nadaswaram, wadda a ke busa ta da ɗan kara a baki kamar algaita, da wata ganga mai fuska biyu da su ke kira tawil, kuma da su a ke yin biki da ɗaurin aure a garuruwansu. Shigar kiɗan ƙauye cikin fim ɗinsu da ƙarfi aikin wani mutum ne mai suna Ilaiyaraaja, ɗan talakawan karkara, wanda ya fara da fim ɗin Annakili a 1976. Ya ɗebo waƙoƙin masu dashen shinkafa da na 'yan biki, ya haɗa su da kayan kiɗan Turawa, ya yi wa fim fiye da 1,000 kiɗa. Rahman ma a ƙarƙashinsa ya yi aiki yana yaro. Watau abin da samarin Madadi su ke yabo, su ke cewa na zamani ne, rabinsa kayan ƙauye ne da masu shi suka ƙi yarwa.

A nan ne wani malamin makarantar firamare ya sa baki, kuma saboda maganarsa muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwansa malamai wannan labari. Ya ce shi ba daɗin waƙa ko rashinsa ya dame shi ba. Abin da ya dame shi, yaran ajinsa sun haddace waƙoƙin da ba su san ma'anarsu ba, a cikinsu kuwa akwai na yabon abin bautar Hindu, amma in ya ce su kawo waƙar gaɗa ɗaya ko ta daɓe sai su yi ta kallon juna. Tela ya ce ai maganin wannan an daɗe da samunsa, a ɗauki karin a zubar da kalmomin. Gaskiyarsa, an daɗe ana yi. Tun shekarun 1960 Abdu Yaron Goge ya ke juya karin Indiya a kan gogensa da kalmomin Hausa, Ali Makaho ma ya yi. Makarantun Islamiyya sun rera wa yara waƙoƙi da irin wannan kari, kuma a Kano aka sami masu bege da mandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, waɗanda su ke ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan karin waƙoƙin fim. Malamai sun rabu a kan wannan. Waɗansu suka ce kari tamkar ƙwarya ne, abin da aka zuba a ciki shi a ke dubawa, kuma gara yaro ya yi bege da karin da ya saba da shi da ya yi ta rera soyayya. Waɗansu suka ce ƙwaryar da aka daɗe ana zuba wani abu a cikinta ba ta rabuwa da ƙanshinsa, mai sauraro zai riƙa tuna rawar da ya gani a fim alhali ana ambaton Manzo. Su Indiyawan ma haka su ke yi a tsakaninsu, gama waƙoƙin Roja da aka yi da Tamil an sake musu kalmomi da Hindi a kan karinsu na asali, suka game ƙasar duka.

Mu dai ba mu ga laifin aro ba. Mamman Shata, wanda ya fito daga Musawa nan kusa a ƙasar Katsina, bai rasa masu sauraro ba don ana jin Rafi a rediyo, kalangunsa ya yi ta tashi har ya rasu a 1999. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne irin aron da muka yi. Tun da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, waƙa da rawa suka zama gishirinsa, amma kusan duk kiɗan daga fiyano ɗaya ya ke fitowa a ɗakin ɗaukar murya. Mun aro rawar, mun aro karin, mun aro har yadda mace ke siranta murya. Dabarar Ilaiyaraaja, ta mutum ya koma ƙauyensu ya ɗauko abin da ya tarar, ita ce ba mu aro sosai ba. Ga kukuma, ga garaya, ga gurmi, ga ƙwaryar da Barmani Choge ta yi suna da ita, ga shantun 'yan mata, mafi yawansu suna rataye.

Muka tambaya ko akwai sauran mai busa algaita a wannan yanki. Aka yi ta lissafi, wannan ya ce wane ya rasu, wancan ya ce ɗan wane ya koma acaba a birni, daga ƙarshe aka tuna da wani tsoho a wani ƙauye wajen Getso, amma ba wanda ya tabbata ko yana da sauran numfashin busa. Malamin makaranta ya ce zai neme shi ran kasuwa, in ya yarda ya kawo shi yara su gani.

Dare ya yi nisa, mai shayi ya fara kife kofuna. Tela ya miƙa wa saurayin wayarsa, ya ce da safe ya zuba masa waƙoƙin Rafi duk iyakar abin da ke gare shi, kada kuma ya kuskura ya haɗa masa da hayaniyar nan. Tsohon manomi shi ba shi da waya mai ɗaukar waƙa. Ya ce a sa masa ta Tamilawan a ta jikansa, zai biya.