Dabba Uku A Rufi Ɗaya: Yadda Dokar Ingila Ta Ke

Mu kan ɗauka cewa kowane mutum sarki ne a cikin gidansa, abin da ya shigo masa ba da sallama ba kuwa yana da ikon kora. To, a Ingila ba haka abin ya ke ba. Mu ɗauki dabba uku da su kan shiga tsakanin rufi da silin, watau jemage da kurege da ɓera, mu ga yadda shari'a ta raba hukuncinsu.

Jemage shi ne ɗan gata. Irinsa 18 ne a Birtaniya, duka kuwa doka ta tsare su, tun daga Dokar Namun Daji ta 1981, aka kuma ƙarfafa ta da wata a 2017. Laifi ne mutum ya kashe jemage, ko ya kama shi, ko ya tashe shi da gangan, ko ya toshe kafar da ya ke shiga. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, makwancinsa ma abin tsarewa ne ko da ba ya ciki, domin ya kan komo wuri ɗaya shekara da shekaru. Wanda ya karya wannan doka a kan ɗaure shi har wata 6, ko a ci shi tara wadda ba a yanka mata iyaka ba. Kada a ce barazana ce kawai. A 2020 an ci wani kamfanin gina gidaje tarar fam 600,000 saboda ya rushe makwancin jemagu a London.

Me ya sa aka yi wannan tsanani? Jemagun ƙasar ƙanana ne, wanda ya fi yawa nauyinsa wajen giram 5 ne, ƙwari kaɗai ya ke ci, ba ya gaigayar katako. Macen kuwa ɗa guda ta kan haifa a shekara, wajen watan Yuni. Kadan aka toshe rufi a lokacin nan, sai iyaye su rasa hanya, 'ya'ya su mutu a ciki, a yi hasarar haihuwar shekara ɗungum.

Saboda haka mai gida da jemagu suka dama sai ya nemi shawarar hukumar da a ke kira Natural England. Ita ce ta ke ba da lasin, ta faɗi watan da za a yi aikin, galibi bayan 'ya'ya sun yi fiffike, kafin barcin hunturu. In kuwa guda ɗaya ne ya ɓato cikin ɗakin kwana, sai a rage fitila, a buɗe taga, ya fita don kansa. Ba a taɓa shi sai da safar hannu, gama waɗansu suna ɗauke da ciwo ɗan'uwan haukan kare, wanda ya kashe wani mai aikin jemagu a Sikotilan a 2002.

Kurege mai ruwan toka kuwa hukuncinsa a juye ya ke. Baƙo ne, daga Amurka aka kawo shi a 1876, ya yaɗu, ya kore jan kurege ɗan ƙasa, yana kuma cin wayar lantarki a rufi. Wanda ya kama shi a tarko ba shi da izinin kai shi daji ya sake shi, ko da tausayi ya kama shi. Sai dai a kashe shi, amma fa ba da azaba ba. A 2010 kotu ta kama wani mutum da laifi don ya nutsar da kurege a ruwa. A ganinmu nan ne dokar ta fi matsa wa mai gida: an hana shi saki, an kuma yi masa iyaka ga kisa.

Shi ɓera ba shi da mai ceto. Dokar 1949 ta ce in ya yi yawa a gida, lalle ne mai gida ya sanad da hukumar gari, ita kuma tana da ikon tilasta masa ya kawar da shi. Duk da haka, tun 2024 an hana kowa ɗana masa tarkon danƙo a Ingila, sai ma'aikacin da ya sami lasin.