Daga Abu Hail zuwa Sharja: Yadda Maƙwabtaka ke Raba Arziki

Masana tattalin arziki sun daɗe suna tambaya ko yankin da ke baya zai iya cim ma wanda ya yi gaba. Tun daga binciken Robert Solow na 1956 ake kyautata zaton zai iya, domin jari yana bin inda fili da ƙwadago suke da araha. Sai dai jari yakan fara sauka ne a wajen maƙwabci, kafin ya kai ga na nesa.

Unguwar Abu Hail da ke yankin Deira a Dubai ta nuna haka ƙarara. Tana kusa da iyakar masarautar Sharja, kuma tun 2011 jirgin ƙasa na cikin gari yake tsayawa a tasharta. Kullum da sassafe titin Al Ittihad yakan cushe da ma'aikatan da ke kwana a Sharja da Ajman, inda haya ta fi sauƙi, suna aiki a Dubai. Albashi daga Dubai yake fitowa, amma kuɗin haya da cefane da makarantar yara a Sharja suke zama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Maƙwabtakar tana da nata nauyi: idan haya ta tashi a Dubai, ba a jimawa take tashi a Sharja.

Ruwa ne ya fara raba garuruwan biyu. Yashi ya toshe mashigin Sharja, yayin da Sheikh Rashid bin Sa'id Al Maktum ya sa aka yashe na Dubai a ƙarshen shekarun 1950. Jiragen fatake suka karkata can, sannan tashar jiragen ruwa ta Jabal Ali da Dubai ta buɗe a 1979 ta ƙara faɗaɗa tazarar. Hanya ce ta dawo wa Sharja da wani kaso na abin da ta rasa.

Fujaira, wadda duwatsun Hajar suka raba da sauran masarautu, ba ta samu wannan rabo sosai ba. Abin da ya taimake ta shi ne mazauninta a bakin Tekun Oman, bayan mashigin Hormuz. A 2012 aka kai mata bututun mai daga Habshan ta Abu Dabi.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Kasuwancin Maraɗi ya haɓaka ne saboda kusancinta da Katsina da Kano, kuma da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, 'yan kasuwar ɓangarorin biyu sun ji a jikinsu. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai iya rage nisan. Amma ƙauyukan da ke nesa da layin za su ci gaba da zama a baya muddin ba a haɗa su da tashoshinsa ta hanyoyin mota masu kyau ba. Wannan aiki ne da ya wajaba gwamnatocin jihohin su tsara tun yanzu.